Abin Da Gatari Ya Bari

A wani gari na arewacin ƙasar Katsina, wanda bai fi tafiyar yini guda a ƙasa zuwa iyakar Nijar ba, akwai wani dattijo tsohon malamin makaranta. Shekara 35 ya yi yana koya wa 'ya'yan mutane lissafi da labarin ƙasa, sa'an nan ya ajiye alli ya koma gida. Mutum ne mai son kowane abu ya tafi bisa ƙa'ida, irin waɗanda in sun ce aiki zai ƙare ran Laraba, to, ba su son Alhamis ta same shi. Wannan hali ya yi masa rana a makaranta. Amma da ya yi karo da kututture, sai ya tarar ashe akwai abin da bai san jadawali ba.

Gabas da gidansa akwai wata 'yar garka, tsawonta taki 20, faɗinta 12. Marigayiya uwargidansa ce ta kafa ta tun suna da ƙuruciya. Ta dasa lalle gindi 7 a jere ya zama shinge, tsakiya kuwa takan shuka kuɓewa da yakuwa da barkono. Kowace shekara takan yanke lallen ta shanya, ta daka, ta sayar da rabi, rabi kuma ta rarraba wa gidajen biki. Da Allah ya yi mata rasuwa sai garka ta rasa mai ita. Lalle ya miƙe ya wuce kan mutum, gindinsa ya yi kauri kamar damtsen ƙato. Jemagu da tsuntsaye suka yar da 'ya'yan dogon yaro, biyu suka kama. Dundu kuma ya rarrafo daga wani kango ta ƙarƙashin danga, ya cika kusurwar kudu da ƙaya. Dattijo yana gani, bai taɓa ba. In an yi masa magana sai ya ce ba shi da lokaci, alhali kuwa duk unguwar ba wanda ya kai shi lokaci.

Ana nan sai autansa ya nemi aure, aka ba shi, aka sa rana bayan kaka. A gida ba ɗakin da za a sa amarya, fili a gari kuwa ya yi tsadar da kuɗin fansho ba su kai can ba. Ba sauran wuri sai garka. Aka kira magini ya auna ɗaki biyu, ya kafa turaku, ya ja igiya, ya ce tilas a sa harsashi a tā da bango kafin ruwa ya sauka. Watan Maris ke nan ya kama, watau saura wata uku.

Dattijo ya ɗauki samari huɗu da adda da gatari. Daga hantsi zuwa azahar sun gama. Shi da kansa ya tsaya a kansu ya ce a sare kowane gindi daidai da ƙasa, don kada wani ya yi tuntuɓe. Da aka tara itacen aka share wurin, ya tsaya ya dubi fili fetal, ya ji wani abu ya tokare masa ƙirji, amma ya danne, ya ce, "To, alhamdu lillahi, babban aiki ya wuce."

Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Bayan kwana 20, ana tsakiyar zafin bazara, ko ɗigon ruwa bai faɗo ba, ya fito da safe ya ga kowane kututture ya yi rawani da ɗanyen toho. Lalle ya fid da kamar goma-goma a gindi. Dogon yaro ya fid da nasa jajaye masu sheƙi. Dundu kuwa bai tsaya a gindinsa ba, sai ga shi yana ɓullowa nan da can a tsakiyar fili, inda ba a taɓa ganin itace ba.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda itace yake rayuwa a ƙasar da rani ke kai wata bakwai ko takwas. Ganye ne ke haɗa abinci da hasken rana, abin da ya yi saura kuwa sai itace ya kai shi cikin saiwa ya ajiye, kamar yadda manomi ke zuba hatsi a rumbu. Da rani rumbun nan cike yake. Sa'an nan a gindin itace, ƙarƙashin ɓawo, akwai waɗansu idanu na toho da ke kwance suna barci. Muddin kan itacen yana raye, shi ke hana su tashi. Ranar da aka sare kan, ranar aka tashe su. Ga shi kuma saiwar da dā take ciyar da itace sukutum yanzu 'yan tsiro kaɗan take ciyarwa, saboda haka suna girma da saurin da dashe ba ya yi. Shi ya sa sabara da kalgo da geza, duk shekara a sare su wajen sassabe, duk shekara su komo. Mutanen dā da suka ce sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho, abin da suka gani da idonsu suka faɗa.

Kowane kuma da irin taurin kansa. Dogon yaro baƙo ne, daga Indiya asalinsa, wajen ƙarshen shekarun 1920 aka fara dasa shi a lardin Borno, kuma abin da ya sa ma'aikatan daji suka so shi har da wannan hali, cewa in an sare shi don itacen wuta ba sai an sāke dasawa ba. Dundu ya fi shi mugunta, domin saiwoyinsa suna tafiya a kwance kusa da fuskar ƙasa, kowane guntu kuwa yana iya zama sabon itace. An taɓa kai shi tsibirin Kuba, can gefen Amurka, ya cinye musu gonaki da makiyaya fiye da hekta miliyan 1.

Magini ya zo ya duba, ya girgiza kai. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ba na ɗora gini a kan wannan. In saiwar nan tana da rai, za ta yi kauri ta ɗaga daɓe, ta tsaga bango. In kuwa ta mutu, za ta ruɓe ta bar kogo, harsashi ya zauna ta gefe guda. Kafin ma ta ruɓe gara ta same ta, gara kuwa in ta ƙare da ƙasa sama take nufa. A fid da su tukuna, sa'an nan a kira ni."

Da la'asar aka kai maganar dakali, nan fa kowa ya zama gwani. Wani ya ce a huda kututture a cusa gishiri. Wani ya ce baƙin mai na mota ya fi. Wani ya ce maganin kashe ciyawa. Dattijo ya auna su ɗai-ɗai, kuma a nan kam karatunsa ya yi amfani. Gishiri yana kashe itace, gaskiya ne, amma yana kashe ƙasar ma, sa'an nan ya bi danshi ya hau gindin bango yana ci. Baƙin mai kuwa ƙasa za ta tsotse shi, ga rijiyar gida taki goma daga wurin. Maganin ciyawa yana aiki in an shafa shi a kan sabon sara nan take, a zoben da ke tsakanin ɓawo da itace, amma kututturen da fuskarsa ta yi mako uku tana bushewa ba ya sha. Bayan haka duka, ko da sun yi aiki, gawar saiwa za su bari a ƙarƙashin ɗakin amarya, abin da magini ya ƙi ke nan.

Wuta ce kaɗai ya yarda ya gwada, ita ce kuma ta kusa jawo masa abin kunya. Aka tara busasshen kashin shanu da kara a kan dogon yaro guda aka cinna. Ɗanyen kututture bai ci ba, sai dai ya yi baƙi ya ƙara tauri. Amma wutar ta sami wata tsohuwar matacciyar saiwa ta bi ta a ɓoye, kwana biyu tana ci a ƙarƙashin ƙasa ba hayaƙi, sai da tsakar dare ta ɓullo a gindin dangar maƙwabci. Allah ya sa wani mai dawowa daga hira ya gani. Da gari ya waye dattijo ya tafi ya ba da haƙuri, ya biya kuɗin kara.

Sai zuciya ta ɗebe shi. Ya ari diga, ya tuɓe babbar riga, ya fāɗa wa gindin lalle na farko. Yana kai sara a jikin kututturen, diga tana tsalle tana komowa, hannunsa yana zogi har kafaɗa. Autan ya ce, "Baba, don Allah ka bari in na taso daga aiki in yi." Ya ce masa, "Tafi abinka, kafin a haife ka nake riƙe fartanya." Kafin azahar ƙugunsa ya riƙe, sai da aka kama shi aka kai shi ɗaki. Kwana biyar ya yi a kwance, yana salla a zaune.

A cikin kwanciyar nan ne ya tuna da wani labari da yakan ba 'yan aji in an zo darasin Afirka ta Gabas. A shekarar 1947 gwamnatin Ingila ta ƙudura noman gyaɗa a Tanganyika, wadda yanzu take cikin Tanzaniya, aka tsara za a share daji fiye da eka miliyan 3. Aka kawo manyan motocin ture itace, har da tankokin yaƙi da aka juya suka zama na noma. Daga baya aka riƙa ɗaura sarƙar anga ta jirgin ruwa tsakanin motoci biyu, suna ja tana kā da itatuwa. Kāyarwa ba ta yi wuya ba. Amma a wajen Kongwa saiwoyi sun sāƙu da juna a ƙarƙashin ƙasa, ƙasar kuwa in ta bushe kamar dutse take, suka riƙa cinye bakin ƙarafa suna karya garemani, ga kuma ƙarancin ruwan sama. A 1951 aka haƙura, bayan an kashe fiye da fam miliyan 30. Dā in ya ba da labarin nan yakan yi dariya tare da yara. Ran nan bai yi ba.

Ran kwana na shida maƙwabcin nan da aka ƙona wa danga, da ya ke mutumin kirki ne, ya zo dubiya tare da wani ɗan ci-rani, mutumin ƙasar Maraɗi, siriri, mai kimanin shekara 40. Kayan aikinsa dagi ne, da tsohon gatari, da guntuwar fartanya. Ya zaga garka yana caka dagi nan da can, sa'an nan ya ce, "Baba, wa ya sa aka sare su ƙasa-ƙasa haka?" Dattijo ya ce shi ne. Ya ce, "Ayya. Da an bar su iya ƙugu, da kowane ya zo da mariƙinsa. Icce shi ke tuge kansa, in an bar masa wuyan da za a kama." Suka yi jinga.

Ran nan bai sari kome ba. Da yamma ya yi wa kowane kututture 'yar kwarya kewaye, ya sa 'yan ga-ruwa suka zuba jarka uku-uku, ya tafi. Kashegari da sassafe ƙasa ta yi laushi. Bai fara daga jikin kututture ba, inda dattijo ya ƙarar da ƙarfinsa, sai ya ja da baya taki guda ya haƙa rami zobe, zurfinsa iya gwiwa. Duk saiwar da ya tarar, ba ya kai mata sara sai ya share ƙasar jikinta da hannu ta fito fili, domin in ji shi yashi ne ke cin bakin gatari, ba itace ba. Kuma kowace saiwa wuri biyu yake sare ta, kusa da nesa, ya cire guntun tsakiya ya jefar waje, don kada bakin saran ya koma ya tokare in an zo girgizawa. Da ya gama da na kwance, sai ya zurfafa ramin ta gefe guda, ya yi ta sāƙar ƙasa daga ƙarƙashi har ya ga uwar saiwa, wadda ta nufi ƙasa sak. Ita ce mai riƙon. Ya durƙusa cikin rami ya yi ta sukarta da dagi har ta rabu.

Sa'an nan ya ce a ba shi azara mai ƙwari da dutse babba. Ya ajiye dutsen a bakin rami, ya zura kan azara ƙarƙashin kututture, ya ɗora ta a kan dutsen, ya koma can ƙarshenta ya danna. Dattijo yana zaune a kan tabarma a inuwar bango, sai ya ga abin da ya yi shekara 35 yana zānawa a allo: in tsawon da ke bayan dutse ya ninka na gabansa sau biyar, ƙarfin mai dannawa ya ninku sau biyar. Ya sha bugun yara a kan wannan lissafi, amma da ya ɗauki diga ko kusa bai faɗo masa a rai ba. Kututture ya yi ƙara ya ɗaga kamar taƙi guda. Mutumin ya sa autan ya tura ƙasa ƙarƙashin gefen da ya ɗagu, ya koma ɗaya gefen ya ɗaga, aka sāke turawa. Haka suka yi ta yi, kututture yana hawa kan ƙasar da ake cusa masa, har ya fito bakin rami da kansa ba wanda ya ɗauke shi. Kowane rami kuma da kaɗan-kaɗan ya mai da ƙasarsa, yana yayyafa ruwa yana daɓewa, don kada ta zauna daga baya.

Lalle biyu yake fitarwa a yini. Dogon yaro kowane sai da ya ci yini da rabi. Dundu ne ya ci kwana uku, don binsa ake yi kamar ramin gafiya, a kama saiwa a bi ta har inda ta ƙare. Ya gaya wa dattijo gaskiya, ya ce, "Na cikin igiya na fid da shi duka. Wanda ya bi ta ƙarƙashin danga kuwa ba mai iya ƙure shi. Sai dai yunwa. Duk tsiron da ya leƙo a karye shi tun ganyensa bai buɗe ba, kada a bari ya mayar wa saiwa abin da ta kashe a kansa. In an dage, damina ɗaya ko biyu rumbunsa zai ƙare."

Wata rana suna hutawa da azahar, an kawo fura, dattijo ya yaba masa, ya ce ko a garinsu aikinsa ke nan. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Baba, a garinmu in aka gan ni ina tuge kututture a gona, sai a ce na taɓu. Nan dai na zo ina cin abinci da abin da muka bari."

Abin da yake nufi sananne ne. Dā can, a Nijar da Nijeriya duka, gona mai tsabta ita ce wadda ba itace. Tun ƙarshen shekarun 1920, da aka fara koya wa manoman Arewa noma da shanu, sharaɗin farko shi ne a tuge kututture, don garma ba ta shiri da shi. Mahaifin dattijon nan ma sai da ya yi rani biyu yana wannan aiki kafin ya ɗaura wa shanu karkiya. A ƙasar Maraɗi aka yi ta sara, ga fari na shekarun 1970, har iska ta riƙa binne shuka da rairayi. Aka yi ta dasa itatuwa, mafi yawa suna mutuwa. A shekarar 1983 wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi, ya dubi wani ɗan kurmi a gefe, ya lura ashe ba ciyawa ba ce, tohon tsohon kututture ne. Watau dajin da ake cewa ya ƙare yana nan a ƙarƙashin ƙasa da ransa. Abin da ake bukata kawai a zaɓi toho mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, a sare sauran, a tsare su daga dabbobi da masu itace. Ba wai manoma ba su taɓa sanin haka ba ne. Amma muddin hukuma na ɗaukar itacen gona nata ne, har ana cin mai gona tara in ya sara, ba wanda zai wahala ya rena shi. Bayan yunwar 1984 abin ya fara yaɗuwa daga gona zuwa gona, manoma suka sa masa suna sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200, kusan duk ba dasa su aka yi ba. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin saboda wannan aiki.

Mutumin ya ce a gonarsa akwai kalgo da gawo da magarya fiye da 40, duk daga kututturen da ubansa ya yi ta sara. Daga nan matarsa ke samun itacen girki, awaki su sami abin ci da bazara. Dattijo ya yi shiru. Taurin kan da ya kwantar da shi kwana biyar, shi ne wani yake ci da iyalinsa a bayan iyaka.

Ran kwana na goma sha ɗaya aka zo kan lalle na bakwai, na ƙarshen layi ta arewa. An riga an zuba masa ruwa tun jiya. Mutumin ya ɗaga fartanya, sai ya tsaya, ya dubi igiyar magini, ya auna da ƙafa. Ya ce, "Baba, wannan taki uku yake a wajen igiya. Saiwar lalle ba ta da ɓarna kamar ta dogon yaro. In na datse wadda ta nufo ɗaki, ba abin da zai taɓa. Amma jinga jinga ce, in ka ce a fitar, yanzu sai in fitar."

Dattijo ya taso da sandarsa ya tsaya a kan kututturen. Toho ya kai kamu guda, sai ƙanshin ɗanyen ganye ke tashi inda aka taka. Ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce, "Kuɗinka ba za su ragu ba. Nuna mini yadda kuke yi." Mutumin ya durƙusa ya zaɓi toho huɗu miƙaƙƙu, ya sa wuƙa ya share sauran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, ya kewaye gindin da ƙayar dundun da aka sare.

Magini ya sa harsashi a farkon watan Mayu, aka yi rufi kafin ruwa ya zauna. Da biki ya zo bayan kaka, ganyen da aka samu a gindin nan bai fi cikin tafi biyu ba, sai da aka sayo ƙari a kasuwa. Ƙanwar dattijo ce ta daka su tare, ba ta tambaye shi dalili ba. Dundu kuwa bai fasa ba. Tun ruwan farko ya leƙo a gindin danga ta kudu, wuri uku. Kullum in dattijo ya komo daga sallar asuba sai ya bi ta nan, ya sunkuya a hankali saboda ƙugu, ya sa farce ya tsinke abin da ya fito cikin dare.